Ƙunshin Safar Auta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Laraba, tara ga watan Agusta, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, wanda abokan aikinsa suke kira Saje Allura. Ya rasu a daji, a kwana na shida na atisayen soja, yana da shekara talatin da takwas. Ya bar mace ɗaya, 'ya'ya uku, da uwa mai rai. Ba a yaƙi ya faɗi ba, babu kuma wanda ya harbe shi. Washegari da hantsi wani hafsa ya tsaya a ƙofar falona, hularsa a hammata, ya faɗa mana cewa Saje ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, cewa jarumi ne, cewa rundunar tana tare da mu. Yadda kalmomin suka fito a jere, ba tuntuɓe, na san ba a gidanmu aka fara faɗarsu ba.

Auta, tun daga ranar kullum safiya sai Inna ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni me suka ce ya kashe ka. Nakan maimaita mata abin da hafsan ya faɗa, ita kuma ta ce, "Rashin lafiyar ba ta da suna ne?" Da farko ban sani ba. Daga baya na sani, na kuma yi kwana goma sha biyu ina kai mata ruwan wanka da amsar a bakina, ina haɗiye ta. Wannan rubutu nawa ta'aziyya ce, amma kuma shi ne labarin yadda na iya buɗe baki.

Na girme ka da shekara goma sha ɗaya. Kana da shida Baba ya rasu, Inna ta fita neman abin da za mu ci, kai kuma ka zama nawa. Ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi, ni na mare ka ranar da ka fara ƙarya, ni ce kuma nake riƙe ka a zaune idan damina ta sauka ƙirjinka ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Asma ce. Wajen shekara goma sha uku ta sake ka, muka yi hamdala muka manta da ita. Da ka ce soja za ka shiga na yi faɗa har muryata ta dishe. Ka bari na gama, ka ce ai Yaya da kanta ta yi maka horon kurtu tun kana yaro, abin da ya rage kaki ne kawai.

Shekara goma sha bakwai ka yi a aikin, kuma ba ka taɓa fita atisaye ba tare da ka zo gidana ka shirya jakarka ba. Ɗakinku na bariki ƙarami ne, yaranka kuma ɓarayin tocila ne, don haka sai ka iso da azahar, ka ture teburin falo gefe, ka shimfiɗa tsohon zanin gado, ka zazzage komai a kai. Ni aikina in gyara maɗaurin jaka a keken ɗinki, in kuma yi maka tsiya. Abin da gwamnati ta ba ka yana gefe ɗaya: kaki, takalmi, gorar ruwa, rigar ruwa, gidan sauro, kofin ƙarfe. Naka na kanka yana ɗaya gefen, kuma nan ne mutum zai gan ka. Hodar ƙafa gwangwani biyu. Man shafawa don gautsin cinya. Filasta. Abin yankan farce. Igiya doguwa a naɗe. Ashana a cikin robar magani don kada ta jiƙe. Batir da ka naɗe da takarda. Ganyen shayi, sukari da madarar gari, kowanne a ƙulle daban. Ƙaramar dadduma da ta koɗe a wurin goshi. Leda iri-iri, domin a cewarka ruwan sama ba ya girmama muƙami. Cokali biyu, kullum biyu, saboda a kowace fita sai an sami wanda ya manta nasa. Sai allura da zare a cikin kwalin ashana, waɗanda suka ba ka sunanka.

Kakan ce bindiga gwamnati ke ba mutum, amma ƙafa tasa ce, in ta lalace ba a canza masa ita a sito. Ni malamar makaranta ce, na karanta tarihin yaƙe-yaƙe fiye da yadda yake da amfani ga mace mai hankali. Shafi ɗari-ɗari a kan janar-janar da taswirarsu, ban taɓa ganin wanda ya ba safa ko da layi biyu ba. A falona na gane cewa rabin aikin soja neman busasshen wuri ne a jikinsa.

Ranar da aka yi maka sutura da kwanakin da suka biyo baya, abokan aikinka sun yi ta zuwa. Na lura ba wanda ya ba ni labarin jarumtaka irin ta hafsan nan. Kowa da abin da ya tuna daga jakarka. Wani ya ce ƙafarsa ta taɓa yin ƙuraje har ya kasa saka takalmi, ka zaunar da shi a kan dutse, ka wanke ta da ruwan gorarka, ka manna filasta, ka bar masa gwangwanin hoda. Wani ya ce a daji aka gaya masa mahaifinsa ya rasu, kuma ba hanyar fita sai bayan kwana biyu. Ba ka yi masa wa'azi ba, ka hura wuta ka dafa masa shayi, ka juye masa sukarinka gaba ɗaya, ka zauna kusa da shi har ya shanye. Wani kuma ya sa mu dariya cikin hawaye da labarin wani kyaftin da wandonsa ya yage daga baya saura minti goma fareti, ka ɗinke masa shi yana sanye da shi, kana ce masa, "Yallaɓai, in ka motsa ba ruwana." Aka kawo min cokulanka guda huɗu, daga mutum huɗu daban-daban, kowa yana cewa ya daɗe yana son mayarwa.

Yanzu zan zo kan abin da nake ta kewayawa.

A aljihun gefen jakarka na dama akwai ƙunshi ɗaya da ba ka taɓa warwarewa a gabana ba. Safa ce mai kauri, launin toka, ƙafa uku, tun ta zamanin kurtu, a naɗe tamau cikin baƙar leda an ɗaure da roba. Ta gefen ledar ina hango dunduniyarsu, ɗinki a kan ɗinki har zaren ya fi safar yawa. Ina kiransu kayan tarihi. Duk shekara sai mun yi faɗa a kansu. Kakan ce na ajiya ne, ba ka taɓa su sai ranar da ƙafa ta ce ta gaji, kuma tsohuwar safa ta san ƙafar mai ita, sabuwa baƙuwa ce. Nakan ce matsolo dai ba ya rasa hujja.

Ranar Alhamis, uku ga wata, ka gama shiri wajen la'asar. Ka ɗauki abin yankan farcen ka shiga ɗakin Inna, kamar kullum, don ka yanke mata farcen ƙafa, tun da idonta ya yi rauni kuma ta ce ni hannuna ba tausayi. Ina jin ku kuna dariya. Ni kuma na riga na sayi safa sabbi ƙafa uku, masu kauri, masu tsada, launin toka, na ɓoye su a ƙarƙashin matashin kujera. Na zare ƙunshinka. Na ji tauri a tsakiyarsa, Auta. Ba zan ɓoye wannan ba, na ji. Na ɗauka sabulu ne, domin kai ka koya min cewa soja a cikin safa yake saka sabulu don kada ya farfashe. Sai na yi murmushin mai wayo, na ɗauko sabon sabulu na saka a tsakiyar sabbin, na haɗa da 'yar takarda da na rubuta, "Ka ga yadda safar mutanen kirki take. In ka dawo ka gode min." Na naɗe su yadda kake naɗewa, na mayar cikin ledarka, na ɗaure da robarka. Tsofaffin na jefa su a kwandon tsumma da ke ƙarƙashin keken ɗinki.

Ka fito, ka saɓa jakar, ka kai hannu aljihun dama ka dafa shi sau biyu. Na gan ka. Na juya fuska don kada dariya ta tona ni. Ka ce in ajiye maka faɗan da ya rage sai ka dawo, ka fita.

Kwana takwas bayan rasuwarka, da safe, abokinka ya kawo jakar. Kofur ne, ya girme ka, furfura a gefen kansa, doguwar halitta da sai ya sunkuya zai shiga ƙofa, shi ya sa kuke kiransa Gajere. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa daidai inda kake shimfiɗa zanin gado. Na ce masa hafsa ya riga ya ba mu jawabi, ni labari nake so. Ya ba ni.

Ya ce tun asuba ake ruwa. Kun haye rafi ruwa har ƙirji, kuka hau tudu a jiƙe. Aka jefa gwangwanayen hayaƙi, irin wanda ake yi don a rufe wa abokan gaba ido, sai iska ta juya ta maido hayaƙin kanku. Kowa ya yi tari ya wuce. Kai kuma ka zauna a gindin bishiya, abin da bai taɓa ganin ka yi ba tare da umarni ba. Ya dawo ya same ka kana jan numfashi kamar mai zuƙa ta cikin kara. Ka nuna jaka. Kalma ɗaya ka iya fitarwa, ka ce safa. Ya ɗauka ƙafarka ce, ya fara kwance maka takalmi, ka ture hannunsa ka sake nuna aljihun dama. Ya ciro ƙunshin. Ka yage ledar da haƙori, ka warware, sabulu ya faɗi cikin taɓo. Ya ce ka kalli sabulun, sannan ka fara zura hannu cikin safar ɗaya bayan ɗaya, duk shida, ka sake komawa ta farko.

Mai jinyar rundunar ya iso da jakarsa. Akwai bandeji, akwai maganin ciwon jiki, akwai ruwan ƙari, babu abin buɗe numfashi. Ya tambaya ko kana da wani ciwo, kowa ya ce a'a, Saje ai ko mura ba ya yi, katinsa ma lafiyayye aka rubuta. Motar asibiti tana can ƙetaren rafi ta kafe a laka. Suka sare sanduna biyu, suka ɗaura rigar ruwanka a kai da igiyarka, suka ɗauke ka. Ba ku kai bakin rafin ba.

Sannan Gajere ya ce, "Yaya, abin da ya hana ni barci, me mutumin da numfashi ke gagara zai yi da safa?" Ya ciro wata 'yar takarda da ta jiƙe ta bushe, ya ce a hannunka ya same ta. Na tambaye shi ko ka karanta. Ya ce idonka dai yana kanta, amma ba zai rantse ba.

Na raka shi ƙofa. Na dawo na durƙusa gaban keken ɗinki na jawo kwandon. Na warware tsofaffin safar. A tsakiya akwai ɗan kwalban maganin shaƙa, shuɗi, irin wanda masu asma suke fesawa a baki. Sabo ne, cike yake. Na girgiza shi na ji maganin yana motsi. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba, sai da Inna ta kira ni ta ce ruwan shayi yana ƙonewa.

Ina fushi, Auta, kuma fushin nawa ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na kai shi wurare uku, ko'ina ya dawo min a hannu.

Na fara da likita, wata tsohuwar ɗalibata. Na ajiye kwalban a teburinta na ba ta labarin, na ce ta faɗa min gaskiya. Ta ce, "Malama, ba zan ce miki da ya rayu ba, ba kuma zan ce miki da bai rayu ba." Ta ce wani tashin asma fesawa biyu ke kwantar da shi, wani kuma ko a gadon asibiti yana tafiya da mutum. Ni na koya mata a aji cewa kada ta rubuta abin da ba ta da hujjarsa. Ranar na yi da-na-sanin iya koyarwa.

Daga nan na tafi bariki wurin matarka. Na same ta tana ninke kayan yara, na ajiye kwalban a kan gado. Ba ta tambaye ni mene ne ba, ta tambaye ni a ina na same shi, sai na san ta sani. Shekara bakwai ke nan da ciwon ya dawo maka, in ji ta. Ba ya tashi sai sau ɗaya ko biyu a shekara, in ka sha hayaƙi ko sanyin ruwa. Ita take sayo maka maganin a wani kantin magani mai nisa inda ba a san ku ba. Ta roƙe ka ka gaya wa likitan bariki, ka ce ka ga abin da ya sami wani abokinka da ya faɗi nasa: aka cire shi daga cikin mutanensa aka ajiye shi gadin ƙofa, bayan shekara aka sallame shi. Ka sa ta yi rantsuwa ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ni, domin ka san zan je har ofishin kwamanda in yi ihu. Ka yi gaskiya, da na je. Kafin kowace fita ana baje kayan kowane soja a duba, duk abin da ba a gane ba a tambaya, amma ba wanda yake warware tsohuwar safar wani. Ashe ba ka saka su ba tun shekara bakwai. Akwati ka mayar da su, ni kuma ina yi maka dariyar rowa.

Na gaya mata abin da na yi. Na shirya ta zage ni, na ma so ta yi. Ta zauna a bakin gado da rigar ƙaramin a hannunta, ta ce, "Yaya, ni na san abin da ke cikin safar ban faɗa ba. Ke kin taɓa safar ba ki sani ba. Wa zai kai ƙarar wa?" Muka zauna har yara suka dawo daga makaranta, ta tashi ta ba su abinci, domin su yunwa ba ta san ana makoki ba.

Wuri na uku ofishin wani manjo ne. Na jira awa biyu a kan benci ina kallon wani soja yana goge ƙofar da ta riga ta yi ƙyalli. Manjon mutum ne mai ladabi, ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi. Ya ce doka ta wajabta wa kowane soja ya bayyana ciwonsa. Na tambaye shi me ke samun wanda ya bayyana, ya kalli fankar da ke juyawa a sama. Na tambaye shi ta yaya za a kunna wa mutum ɗari hayaƙi a daji, jakar mai jinya babu ɗan kwalban da bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce an rubuta rahoto. Na ce in ga rahoton, ya ce ba na farar hula ba ne. Na gode masa da ruwan. Wurin da yake da lokacin duba ko maɓallin rigar mutum ya daidaita, amma ya koya wa mutumin ya ɓoye huhunsa, ban san sunan da zan ba shi ba wanda za a yarda a buga.

A hanyar fita na haɗu da Gajere, na gaya masa abin da kake nema a cikin safar. Sannan ya ce shi ma nasa maganin hawan jini a cikin safa yake, akwai mai ɓoye tabarau, akwai mai ɓoye maganin suga, rabin asibitin rundunar a cikin safa yake tafiya. Na tambaye shi ko yanzu zai faɗi nasa. Ya ce saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma yana da 'ya'ya mata huɗu a makaranta. Wata mai zuwa za su sake fita, da hayaƙinsu da safarsu, kuma babu abin da malamar makaranta za ta iya yi a kai. Iyakar abin da nake da shi shi ne in ce wa matan sojoji da iyayensu da yayyensu masu wayo irina: in ya shirya jakarsa, kada ku taɓa. Kome munin abin da kuka gani a ciki, ku bar shi inda ya sa shi. In kuna da kyauta, ku miƙa masa a hannu.

Kai ma ina fushi da kai. Ni da na ƙirga numfashinka kana yaro, ni ka ɓoye wa. Ka yarda da baƙar leda da roba, ba ka yarda da ni ba. Na san dalilinka, kuma dalilin ba ƙarya ba ne: ka san bakina ba ya riƙe abin da zuciyata ta ga zai cutar da kai. Amma da ka ce min, Yaya kada ki taɓa wannan, ko da ba ka faɗi dalili ba. Sai in tuna ka faɗa. Shekara bakwai kana faɗa, da wasa da dariya, ni kuma na ɗauka musu muke yi wanda dole in ci.

Mutane suna ce min ajali ne, ko da maganin yana hannunka in kwana ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da haka, ban taɓa shakka ba. Sai dai imanin bai hana ni ganin hannuna yana ɗaure robar nan ba, da kyau, sau biyu, don kada ka gane.

Saura Inna. Matarka ta ce kada in gaya mata, tsohuwa ce, me zai ƙara mata. Likitar ma haka ta ce. Na yi kwana goma sha biyu ina bin shawararsu. Amma kullum tambayar tana nan, kuma na ga ta fara zargin cewa dukanka aka yi ko guba aka ba ka, tana kwana tana tashi da fuskokin mutanen da ba su yi mata komai ba. Na kuma san idan na gaya mata, mai yiwuwa ne in rasa uwa tana raye a ɗakin da ke kusa da nawa. Shekara talatin da takwas ba ta kira ni da sunana ba. Tun ranar da aka haife ka Yayar Auta take ce min. Ban san da me za ta kira ni ba bayan ta ji.

Ranar Talata da safe na kai mata shayi, ta yi tambayarta. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, farcen da ka yanke ya fara tsirowa. Na ce mata asmar ce ta dawo. Na gaya mata hayaƙin da rafin. Na gaya mata inda ka ɓoye maganin, da wanda ya cire shi. Ban rage komai ba, har takardar na faɗa mata abin da na rubuta.

Ba ta yi kuka ba. Shayin ya huce a gabanta. Can ta ce, "Kawo min su." Na kawo tsofaffin safar. Ta lalube su da yatsu, ta bi ɗinkin dunduniyar, ta kai hanci ta shinshina, ta tura su ƙarƙashin matashinta, ta juya fuskarta bango. Ba ta ce ta yafe min ba. Ba ta ce ba ta yafe ba. Yinin ranar ba ta ci abinci daga hannuna ba, sai maƙwabciya na roƙa ta kai mata. Laraba ma haka.

Ranar Alhamis ina wanke kwanuka na ji muryarta daga ɗaki, a dishe. Ta ce, "Yayar Auta." Na bar famfo a buɗe na tafi. Ta miƙo min ƙafarta, ta ce farcen yana kama mata zani, in ɗauko abin yankan da ke cikin jakarka. Na yanke mata. Ta ce har yanzu hannuna ba tausayi. Ba mu sake tayar da maganar ba, tambayar safe kuma ta daina.

Jakarka tana nan a falo. Na mayar da komai yadda kake jerawa, har cokula biyun, sauran huɗun na ajiye wa yaranka. Aljihun dama ne kawai na bari a buɗe, ban san abin da zan saka a ciki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta binne miji yanzu ta binne auta. Ga matarka, wadda ta riƙe maka alkawari har ya ƙone mata hannu. Ga yaranka uku, da har yanzu ƙaramin yake tambaya yaushe atisayen zai ƙare. Ga Gajere da duk waɗanda suka ɗauke ka a kafaɗa cikin ruwan sama. Allah ya ba mu haƙurin da ba na baki ba.

Ya Allah, ga bawanka da ya ɗinke wa mutane yagewarsu, ya raba sukarinsa, ya wanke ƙafar da ba tasa ba. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka karɓi wahalar ƙarshensa ta zama kankarar zunubansa. Ka raya abin da ya bari, ka tsare abokansa da ke tafe da ciwonsu a ɓoye. Ka gafarta wa yayarsa abin da hannunta ya aikata da nufin alheri. Ka haskaka masa kabarinsa, ka yalwata shi iyakar ganinsa, ka buɗe masa ƙofa daga Aljanna iska mai sanyi ta riƙa shigo masa, ya shaƙa ba tare da ya nemi komai a cikin jaka ba.

Yayar Auta